Man Zaitin Bazara da Kwanon Tasalla

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Jiya da la'asar, ina fitowa daga masallacin unguwarmu a nan Gummi, na miƙa hannu na tsinki ganye guda daga bishiyar zaitin da ke jikin katanga, wadda yaran yanzu ke kira bishiyar turare. Na murje shi tsakanin yatsu na kai hanci. Na san mai azumi bai kamata ya riƙa shaƙe-shaƙe ba, amma hannu ya riga ya saba. Ƙamshin ya hau mini har tsakiyar kai, idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, ya nuna. Da ina da duro da itace, da yau ranar yanka ce.

Ba ni da duro yanzu, kuma ba ni da wanda zan dafa wa. Sai na zauna a kan dakali ina jiran magariba, wani azumin ya dawo mini, na tsakiyar shekarun tamanin, bayan fari ya yi mana shekara biyu a jere.

A lokacin ni ɗan koli ne mai keke. Ina bin kasuwannin Anka da Bukkuyum da Gummi da allura da zare da kanwa da man shafawa, duk abin da zai shiga akwatin katako a bayan keke. Gidanmu yana Zugu, mu biyu ne a cikinsa, ni da Inna. Yayyena maza sun tafi cin rani kudu tun farin farko, ba su dawo ba. Yayata tana aure a Bagega. Ni ne auta, ban yi aure ba, domin duk abin da na tara hatsi ya cinye shi.

Inna tana da fuka. Da rani lafiya lau take, ta yi surfe, ta yi daka, ta yi faɗa da maƙwabciyarmu Gwaggo Tasalla ta saman danga. Faɗan nan ya girme ni. An ce akuyar Tasalla ce ta cinye wa Inna rama tun suna amare, kuma tun daga nan ba su ƙara gaisawa ba, sai habaici. Tasalla ba ta kiran sunan Inna, sai ta ce Ta Gummi, don daga nan aka auro ta. Amma da zarar marka ta kama, ruwa ya wuni ya kwana yana zuba, bango ya jiƙe, tabarma ta yi sanyi, sai muryar Inna ta ɗauke daga kan danga. Ƙirjinta ya riƙa kuka kamar an rufe 'yan kyanwa a cikin tukunya. A zaune take kwana, ta dafa gwiwa, tana jawo iska kamar da igiya.

Wanda ya nuna mini man zaiti wani malamin ɗakin shan magani ne a Anka, Bitrus, mutumin wajen Jos. Allurar da ke sauƙaƙa wa Inna ba kullum ake samunta ba, sau da yawa sai ya buɗe mini kabad in gani da idona babu komai. Wata rana ya ja ni bayan gari, inda ma'aikatan gandun daji suka shuka zaiti layi-layi tun ƙarshen shekarun saba'in.

Ya ce, “Sani, ka ga wannan itacen? Akwai mai a cikin ganyensa. Ba zai warkar da Mama ba, kada ka ce na ce. Amma zai buɗe mata hanya ta samu barci.”

Muka samo duro, muka fasa murfinsa muka sa bututun tagulla, muka liƙe bakin da laka da tsumma. A zuba ruwa kaɗan a gindi, a danƙara ganye, a hura wuta. Tururin ya bi bututu, bututun ya ratsa ta cikin randar ruwan sanyi, sai ya fito ɗis-ɗis a cikin kwalba. Ruwa a ƙasa, mai a sama, siriri kamar zobe. Bitrus ya riƙa zuƙe shi da tsohon sirinji. Na farkon da muka yi a bazara ne, kuma markar wannan shekara Inna ta yi ta da sauƙi. A ɗiga a ruwan zafi ta yi surace, a kwaɓa da man kaɗe a shafa mata a ƙirji. Mata suka ji labari, na fara ɗura shi a ƙananan kwalaben allura da Bitrus ke tara mini, ina sayarwa a kasuwa.

Ni ɗan kasuwa ne. Da na ga damina ta sauka, ganye ya yi luf-luf, ruwa kyauta a ko'ina, sai na ce wa Bitrus mu dafa da yawa yanzu da wahalar ba ta da yawa. Shi ma haka ya gani. Duk manomi zai gaya maka ganyen damina ya fi na rani. Muka dafa, muka cika kwalabe. Na kai wa Inna, ta buɗe ta sunsuna sau ɗaya.

Ta ce, “Auta, wanga ba shi na ba. Wanga ruwan ganye na.”

Na ce itace ɗaya ne, duro ɗaya ne. Ta miƙo mini kwalbar. Abokan cinikina ma suka fara dawo da shi, wai sauro har zama yake a bakin kwalbar. Bitrus ya ce mu gwada. Ya ɗebo wake mai ƙwaro ya raba a kwalba biyu, ya ɗiga ragowar na bazara a auduga ya jefa a ɗaya, na damina a ɗayar. Kafin mu dawo daga cin abinci na kwalbar farko sun kwanta ƙafa sama. Na ta biyu har washegari suna yawonsu.

Bitrus ya daɗe yana kallon kwalaben. Ya ce, “Ka san man nan kamar miya yake, abubuwa da yawa ne a haɗe. Ina jin wanda ke buɗe ƙirji ya fi taruwa in itacen ya sha rana, ganye ya tsufa. In ruwa ya sauka ya yi toho, sai wasu su rinjaye shi.”

Ni ban san sunayen abin da ke cikin miyar ba. Amma na bi shi da hanci shekara guda cur. Na damina yana da ɗanyen wari, kamar an yanke ciyawa, kuma yana saurin sanewa. Na kaka ya fi shi kaɗan. Na lokacin ɗari fari ne tas, yana da daɗin ƙamshi, mata sun fi son sa don kaya, amma bai cika ratsa ƙirji ba. Na ƙarshen bazara, lokacin da ganyen ya yi tauri ya koma toka-toka ya rataye kamar ya gaji, shi ne mai cizo. In ka kai shi hanci sai ka ji sanyi ya bi ka har baya. A haka na gane cewa man ya fi kyau a daidai lokacin da ruwan sanyaya bututu ya fi wuya. Kafin bazarar ta zagayo aka yi wa Bitrus canjin wurin aiki. Ya bar mini duro da bututu da sirinji, ya hau mota, ban ƙara ganinsa ba.

To, shekarar da nake ba da labari, rumbunmu babu komai sai iri da Inna ta ɗaure a tulu ta liƙe da laka. Garin rogo muke ci da kwaɗon busasshiyar tafasa, wani lokaci dusa a dama. Aka ga watan azumi zafi na tsakiyarsa. Na ce wa Inna zan tafi Anka in zauna a gandun zaiti har ruwa ya sauka. Rabin abin da na samu in sayar mu sayi hatsi, rabi kuma nata ne na marka. Na nuna mata kwalbar lemo babu komai, na ce in wannan ta cika, mun tsira bana.

Ta ce, “Ka tahi. Ni mi zai same ni da rani?”

Mai gadin gandun wani tsoho ne, Baushi. Ya yarda in sassabe rassan ƙasa kawai, in na taɓa kan itace ya kore ni. Da safe yake zuwa ya duba, kafin hantsi ya koma gari. Daga nan sai ni kaɗai. Fari ya kashe layin gabas gaba ɗaya, itatuwan suna tsaye farare ba ɓawo. Sauran kuma inuwarsu ba inuwa ba ce, zaiti ganyensa a tsaye yake, rana ta bi tsakaninsa ta same ka. Ba tsuntsun kirki da ke sauka a kansa, ba ciyawa a gindinsa. Na kafa bukkar kara a gefe, na girka duro a kan duwatsu.

Da asuba in jiƙa garin rogo in sha, in cika ciki da ruwa. Ina idar da salla in ɗauki adda, domin ganyen da aka yanka kafin rana ta ɗaga ya fi riƙe mai. In shanya shi a cikin bukka ya yi laushi, sannan in ɗaura garwa biyu a keke in nufi gulbi. Gulbin rairayi ne zalla. Mutane sun tona ramuka a tsakiyarsa, ka sauka da ƙoƙo ka jira ruwa ya tsatso, ja-ja, kaɗan-kaɗan. Mata da Fulani da shanunsu duk a nan. Shanun har sun daina kuka, sai dai su tsaya su zuba wa ramin ido. Ana kallona da garwa biyu, na san abin da ake faɗi: ga mai dafa ganye ya zo ɗibar ruwan da mutane za su sha. Sai in duƙa in ci gaba da ɗiba. In na samu garwa ɗaya da rabi na gode Allah.

Wutar kuwa da azahar ake hura ta, don kafin nan ruwan bai taru ba. Wanda bai zauna gaban duro mai tafasa da azumi a bakinsa a cikin bazarar Anka ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Iska ta tsaya cik. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin taya. Gumi ya zubo har ya ƙare, fata ta bushe ta yi gishiri, harshe ya manne a ganɗa. Randa tana gabana cike da ruwa, ina sa hannu a ciki ina jin ko ya yi ɗumi, in ya yi in kwashe in juye a wata tukunya ya huce in sake mayarwa, ɗigo guda ba na zubarwa. Wutar ba a cika ta, in ta yi yawa man ya yi ƙauri. Sai ka zauna kana tura itace ɗaya-ɗaya kana kallon bakin bututu. Ɗis. Ka jira. Ɗis. Wani yini duro guda bai ba ni abin da ya wuce cikin cokalin miya 'yan kaɗan ba. Wani yinin laka ta tsage, tururi ya gudu, na tashi da ruwa kawai.

Da magariba iska takan kawo mini kiran salla daga gari, a tsinke. In sha ruwan randa mai ɗanɗanon tagulla, in dama abin da ke akwai. A gida a wannan lokacin kwanuka ke yawo. Haka al'adarmu take a Zugu: da azumi kowane gida ya aika wa maƙwabta abin shan ruwa, ko kunu ne cikin ludayi biyu, kuma ba a mayar da kwano haka nan, sai an sa wani abu a ciki. Har Inna da Tasalla, duk da faɗansu, kwano na ƙetare danga ba tare da an ce uffan ba. Ni kuwa a gandu ba wanda ya aiko mini, ba wanda na aika wa. Nakan yi magana da duro. Har na kai ina gaishe shi da safe.

Duk Juma'a nakan raba abin da na tara. Rabi in kai kasuwa in mayar da shi dawa, rabi in ɗura a ƙaramar kwalba in toshe da totuwar masara. In ba wani direban da ke bin hanyar Gummi ya sauke wa Inna dawar da man. A lissafina, kwalbar lemo tana ta cika a ƙarƙashin gadonta.

Azumi ya raba tsakiya ba ko ɗigon ruwa. Hadari ya haɗu a gabas da yamma, ya yi baƙi, a ji ƙamshin ƙasa daga nesa, sai iska ta watsa shi. Ran nan Baushi ya zo da safe ya ce an yi shela, gobe za a fita roƙon ruwa.

Ya dube ni ya ce, “Kai dai na san ba ka son shi zo.”

Na ce, “Baba, ni ma gona gare ni.”

Ya ce, “To ka taho. Kada a ce mai zaiti na ya riƙe muna sama.”

Na je. Aka fita bayan gari da tsofaffin kaya, da yara da tsofaffi, har da dabbobi. Liman ya juya rigarsa, muka juya namu ciki ya koma waje. Wani dattijo kusa da ni yana kuka ba sauti, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Na ɗaga hannu na ce amin, kuma da gaske na faɗa, don na san abin da shekara ta uku ba ruwa za ta yi mana. Amma a duk filin nan ni kaɗai ne na san ruwan da muke roƙo shi zai rufe mini aiki. Ba wanda zan gaya wa wannan. Na koma gandu da rigata a juye, na hura wuta.

Bayan 'yan kwanaki ya sauka, da la'asar, ina tsakiyar dahuwa. Iska ta fara ɗauke rufin bukka, sannan ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, ya kashe wutar, duro ya yi ta huci. Na tsaya a ciki na buɗe hannu, bakina a rufe saboda azumi, ruwa na bin fuskata. Daga gari ina jin guɗa. Na ɗan ƙara kwana ina kwasar tsohon ganye, amma kafin salla itatuwan sun yi toho ja-ja mai laushi, ƙamshin gandun ya canza. Na murje ganye na sunsuna, na san an gama. Na kifa duro na bar wa Baushi ajiya, na hau keke.

Na iske Inna a gona tana binne iri da diddige. Da muka dawo gida na durƙusa na jawo kwalbar lemo daga ƙarƙashin gado. Man da ke ciki bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na duba jakar da nake tara kwalaben allura, ta yi sauƙi.

Na ce, “Inna, ina man?”

Ta ci gaba da kaɗe zanenta. Ta ce, “Na ba mutane.”

“Waɗanne mutane?”

“Masu kwano. Dawar da kaka aikowa ko ni ba ta isa ta. Ana kawo min kunu, ana kawo min hura. Mi kaka so in sa musu? In maida kwano hakanan? Tun da nike ban taɓa ba, ba ni hwarawa da tsuhwana.”

Na ce mata wannan numfashinta ne na marka ta rarraba. Na ce mata ba zan iya sake yin irinsa ba sai baɗi. Ta ce ta sani, ai ita ta fara gaya mini. Na ce to zan bi gidajen in karɓo, in ya so in ba su wani abu a madadinsa. Nan ta daina kaɗe zane ta dube ni.

“In ka bi kwano guda, Auta, ka nemi wata uwa.”

Ban bi ba. Amma ni mai yawon kasuwa ne, na iya tambaya ba tare da na tambaya ba. A gona, a bakin rijiya, a hankali na ji inda man ya tafi. Wata ta shafa wa 'ya'yanta da mura. Wata ta ɗiga a tulun irin wake. Wata Bafulatana da ke kawo wa Inna nono ta zuba a gyambon saniya, ta ce ƙuda bai ƙara sauka ba, tana ta sa albarka. Kowa ya yaba, kuma kowa ya ƙarar.

Damina ta yi kyau a shekarar. Muka yi noman farko da yunwa, gero ya rufe gwiwa, muka yi maimai. Ragowar man na riƙa ɗiga shi kamar ana auna zinariya, amma tun farkon ruwa mai yawa ya ƙare. Na koma Anka na dafa na damina, don hannu ba zai zauna haka ba. Na leƙa ɗakin shan magani, wanda ya canji Bitrus ya buɗe mini kabad kamar yadda Bitrus ke yi.

Marka ta kama wajen babbar salla. Ruwa ba mai ƙarfi ba, irin mai zuba siriri ba tsayawa, a wuni ba a ga rana ba. Itace ya jiƙe, gishiri ya narke a ƙoƙo, katangar bayan gida ta zube. Hanya ta yanke, mota ba ta shigowa. Inna ta daina fita, sannan ta daina kwanciya. Na tafasa ruwa na ɗiga na damina na lulluɓe ta da zane. In ta fito sai ta ce ta ji sauƙi, ni kuwa ina jin ƙirjinta daga bakin ƙofa.

Ranar da ya fi tsanani, da azahar ne, amma ɗakin duhu kamar magariba. Leɓenta ya canza launi. Ba ta iya haɗa kalma biyu. Ina zaune a bayanta na tallafe ta, ina jin haƙarƙarinta na buɗewa da ƙyar a tafin hannuna, ba ni da sauran dabara. A duk yawon kasuwata ban taɓa rasa abin da zan sayar ko in saya in fita daga matsala ba sai ran nan.

Sai na ji ana taka ruwa a tsakar gida. Aka ɗaga asabari ba sallama. Gwaggo Tasalla ce, ta kifa ƙwarya a ka, zanenta sharkaf. Rabonta da shiga gidanmu tun ban zo duniya ba. Kwano ne a hannunta. Ta dire shi a gabana, na ji ƙarar kwalabe. Kwalaben allura ne, cike, ko toshiyarsu ba a cire ba.

Ta ce, “Ga tsiyarta nan. Dut azumi tana jeho min, ni ko ban taɓa ba. Ni in shaƙi abin Ta Gummi? Allah shi kiyashe ni.”

Na buɗe guda. Ƙamshin bazara ya cika ɗakin, har idona ya yi yaji.

Tasalla ta ce, “Kai, tuzurun banza, kallo nai kaka yi? Tashi ka hura wuta. Kwana ukku tana hana ni barci da wanga kuka nata.”

Itacenmu ya jiƙe, ita ta koma ta ɗebo garwashi daga murhunta a cikin kasko. Muka tafasa ruwa, na ɗiga, muka lulluɓe Inna. Tasalla ta kwaɓa wani da man kaɗe ta riƙa murza mata baya da ƙarfi kamar mai wanke turmi, tana mita ba tsayawa. Ban ce man ne kaɗai ba, kwananta ne ke gaba. Amma kafin la'asar kukan ƙirjin ya sassauta, Inna ta yi tari mai nauyi, ta jingina da bango ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon Tasalla.

Abin da ta fara cewa shi ne, “Akuyarki dai ta ci min rama.”

Tasalla ta ce, “Ta ci. Kuma da ta samu ta ƙara.” Ta miƙe ta ɗauki ƙwaryarta. “Ki mutu ki bar ni da wa?”

Ta kai bakin ƙofa Inna ta ɗaga hannu ta nuna mini kwanon da ke ƙasa. Na gane. Na duba ɗakin, babu abin da zan sa. Sai na fita cikin ruwa na karyo ɗanyar masara biyu da ta fara nuna a bayan ɗaki, na sa a ciki, na miƙa ta saman danga.

Man Tasalla ya kai mu ƙarshen marka. Daga shekarar, in na dafa na bazara nakan ware wani in ba Tasalla ajiya, don na san a hannunta ko ɗigo ba zai ragu ba. Inna ta ƙara ganin damina uku, ta rasu da rani, cikin barci, ƙirjinta shiru. Tasalla ba ta daɗe ba ta bi ta. Ni kuma na bar duro na shiga cinikin hatsi, Allah ya buɗa. Gandun Anka an sare shi tuni an yi rufin ɗaki da shi. Zugu kuwa yanzu sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya hau babur ya nufe ta, na daɗe ban ga kabarin Inna ba.

Jiya da na koma gida daga masallaci, na iske sababbin maƙwabtana sun aiko mini da abin shan ruwa, ƙosai da kunu da kankana, sun fi ƙarfin cikina. Iyalina suna Gusau wajen 'ya'ya, ni kaɗai ne a gidan. Na ci, na wanke mazubin, na zuba dabino mai kyau a ciki, na ɗora wani ganyen zaiti da na ƙara tsinkowa a kai. Bayan isha na ƙwanƙwasa ƙofarsu da kaina. Matar gidan ta leƙo, ta ga abin da ke hannuna, ta yi dariya cikin ladabi.

Ta ce, “Ayya Baba, da ba ka wahalar da kanka ba. Ai robar yarwa ce, ba a mayarwa.”

Na ce ta karɓa dai. Ta karɓa, ta ɗauke ganyen da yatsa biyu ta yar a ƙasa, ta zaci iska ce ta jefo shi. Na juyo gida. A gabas hadari yana haɗuwa.